Zaɓen Haruffan Kanu da na Tambari: Kauri, Raha da Matsalar Ƙugiya



Na tabbata akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ga kan wannan lacca, suna cewa a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da sha'anin maɗaba'a, mutumin da aka sani da nahawu da waƙa da karin magana? Saboda haka, kafin in shiga gundarin magana, ya kamata in faɗa muku abin da ya jawo ni cikinta.

Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata, wadda ta kama sana'ar zoɓo da kunun aya bayan ta gama karatu, ta zo ofishina da robar zoɓo a hannu, ranta a ɓace. Ta ɗauki kuɗin adashinta kaf ta kai wa wani yaro mai zane da kwamfuta, domin ya tsara mata takardar da za ta riƙa mannawa a jikin robobi. Kirarin da ta yi wa kayanta gajere ne mai daɗi: maganin ƙishi. Yaron ya zaɓo mata waɗansu haruffa ɓul-ɓul masu kauri, ja a kan rawaya, waɗanda ko daga nesa aka hango su sai an ji sha'awa. Da aka bugo takardun, tuli guda, sai ga shi an rubuta MAGANIN KISHI. Ta ce tun ranar da ta fita da su mata ke tsayar da yaranta masu talla suna tambaya, wai roba nawa ake sha idan maigida zai ƙara aure. Kuna dariya, ni ma na yi, amma fa ita jarinta ne ya tafi.

Da na bincika, sai na tarar yaron ba jahilin Hausa ba ne. Ya san da ƙa mai ƙugiya ake rubuta ƙishi, har ma ya buga shi daidai da farko. Abin da ya faru shi ne, haruffan da ya zaɓa ba su da Ƙ sam, sai kwamfuta ta aro masa wata siririyar Ƙ daga wani wuri ta dasa a tsakiyar ƙattin, ta fito kamar ramammen ɗan akuya cikin garken bijimai. Ya ga abin ya yi muni, ya share, ya sa K. Maganata a yau ita ce yadda za a zaɓi haruffa masu kauri da fara'a irin waɗannan, ba tare da an sayar da ma'ana don a sayi kyau ba.

Haruffan karatu da haruffan shela

Bari mu fara daidaita kalmomi. A zamanin da, kowane harafi na maɗaba'a a jikin ɗan guntun dalma yake, an narka ta an zuba a mazubi. Don haka zan yi amfani da kalmar zubi, watau cikakken jerin baƙaƙe da wasula da lambobi da alamomin rubutu waɗanda aka zana su da kama ɗaya. Times New Roman, wanda duk ɗalibin da ya rubuta kundi ya sani, zubi ne, an yi shi ne domin jaridar The Times ta Landan a 1932. Masu ɗab'i suna auna girman harafi da ɗigo, ɗigo 72 ke yin inci guda. Jikin littafi da ɗigo 10 zuwa 12 ake buga shi, kanu kuwa daga 18 ko 24 zuwa abin da ya yi sama.

Zube-zuben nan sun kasu kashi biyu. Akwai haruffan karatu, waɗanda aikinsu kamar na malami mai jan baƙi ne, murya a kwance, ya yi sa'a guda yana yi ba ka gaji ba, hankalinka na kan abin da ake faɗa, ba kan mai faɗar ba. Akwai kuma haruffan shela, waɗanda su ne sanƙira a bakin kasuwa. Sanƙira ba ya doguwar magana, kalma biyar ce ko shida, amma dole mai ciniki ya bar cinikinsa ya waiwayo. Da irin waɗannan ake buga kanun jarida, da bangon littafi, da allon kanti, da sunan kaya a jikin kwali.

Haruffan shela ba su daɗe a duniya ba idan aka gwada su da ɗab'i kansa. Gutenberg ya buga littafinsa na farko mai girma a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, kuma aka yi kusan shekara 350 bayansa, in ana son babban rubutu sai a ƙara girman haruffan littafi kurum. Farkon ƙarni na 19 ne abin ya sauya, lokacin da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, kaya suka yi yawa, kowa na neman mai saye. Bangayen Landan suka cika da takardun gwanjo da na caca da na gidajen wasa, takarda kan takarda, kowa na so tasa ta danne ta maƙwabcinsa. A wannan hali ne wani mai zubin haruffa, Robert Thorne, ya shahara da haruffan da aka cika wa sanduna kauri har suka zama ƙiba tsantsa. A 1815 Vincent Figgins ya fito da masu faffaɗan takalmi kamar tubali. Da aka so waɗanda suka fi haka girma sai dalma ta gaza, domin babban harafi in an zuba shi ba ya hucewa daidai, ga nauyi ga tsada. Wani Ba'amurke, Darius Wells, ya samo dabarar sassaƙa su da na'ura a jikin katako, ya fitar da littafin samfurinsa a New York a 1828. Lokacin da nake karatu a Landan na je ɗakin karatu na St Bride, kusa da Fleet Street inda tsofaffin gidajen jaridu suke, na ga irin takardun wancan zamani. Wanda ya dube su zai ji kamar hayaniyar kasuwar Kurmi ce aka zuba a takarda.

Waɗancan duk ihu suke yi. Wanda ya koya wa harafi mai kauri yin murmushi shi ne Oswald Cooper na birnin Chicago, da zubinsa mai suna Cooper Black wanda ya fito a 1922. Ku dube shi da kyau in kun sami dama. Babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a jikinsa, ko'ina a dunƙule yake kamar curin fura, sa'an nan farin da ke cikin o ya ɗan karkata, kamar mutum ya karkace hula. Abubuwan nan biyu, watau dunƙulewar gefe da 'yar karkata, su ne asirin yawancin haruffan da muke ji kamar suna yi mana fara'a. Kamfanin jiragen sama na easyJet, wanda aka kafa a 1995, da wannan zubi ya rubuta sunansa, fari a kan ruwan lemo, domin ya nuna wa talaka cewa jirgin ba na masu babbar riga kaɗai ba ne.

Kowane kiɗa da masu shi

Ba banza ba muka ɗauki kalmar tambari muka ba alamar kamfani. Tambari ganga ce ta sarauta, in an ji ta an san wane ne ke tafe tun ba a gan shi ba. Haka nan Bahaushe ya san kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma, taushi da kotso na fada. Wanda ya kai kalangu wurin zaman makoki bai yi laifin rashin iya kiɗa ba, laifinsa rashin sanin wuri. To, tambaya ta farko wajen zaɓen haruffan shela ita ce: wa ke magana, da wa yake yi, a kan me?

Ga misalin da ya faru a gaban duniya. A 1994 wani ma'aikacin Microsoft, Vincent Connare, ya zana zubin Comic Sans, domin ya ga wani karen zane a wata manhajar yara yana magana da Times New Roman, abin bai dace ba. Zubi ne na raha, kuma ya yi daidai da abin da aka yi shi dominsa. Ran 4 ga Yuli, 2012, masana a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba suka sanar da gano ƙwayar Higgs, abin da aka shafe kusan shekara hamsin ana nema, sai aka ga wani sashe na bayanin da Comic Sans aka rubuta shi. Binciken bai ragu da komai ba, amma mutane da yawa suka bar maganar kimiyya suka koma gardamar haruffa.

Ku ma'aikata, wannan ya shafe ku fiye da kowa. Haruffa masu raha sun dace da takardar kiran iyaye su kai yara rigakafi, ko ta wasannin makarantu, ko ta bikin kalankuwa. Ba su dace da sammaci ba, ko sanarwar haraji, ko jerin sunayen 'yan fansho. Na taɓa ganin sanarwar rasuwa a jikin allon wani ofishi da haruffa masu tsalle-tsalle kamar katin gayyatar suna. Wanda ya buga ta ba mugunta ya yi nufi ba, ya ga sun yi masa kyau ne kawai.

Shi kuwa tambari, akwai ƙarin sharaɗi a kansa, domin ba a sauya shi kamar riga. Kamfanin tufafi na Gap a Amurka ya sauya nasa a 2010, jama'a suka yi ca, bai fi mako guda ba ya koma wa tsohon. Saboda haka wanda zai zaɓa ya tambayi kansa ko zai iya kallon abin nan kullum har shekara goma. Barkwancin da ya ba ka dariya yau, in aka maimaita maka shi kowace safiya, kafin wata ya ƙare ka tsane shi.

Inda gizo ke saƙa

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu, mai zane a Faransa ko Ingila ma ya san shi. Yanzu zan zo kan wanda ya keɓanta da mu.

Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun rasa yadda za su yi da sautukan ɓ da ɗ da ƙ. Waɗansu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, waɗansu waƙafi a samansa, waɗansu kuwa ko oho. A shekarun 1930, zamanin da Dokta R. M. East ke riƙe da Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, kuma littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 ƙarƙashin Malam Abubakar Imam, su suka sabar wa idon jama'a da su. A Nijeriya haruffa shida ke nan, ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ. A Jumhuriyar Nijar takwas ne, domin abin da muke rubutawa 'y su da ƴ mai ƙugiya suke rubuta shi. Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ta raba fada da faɗa, kasa da ƙasa, bari da ɓari, kura da ƙura, baki da baƙi. A tsakiyar labari mai karatu kan gane abin da ake nufi daga kalmomin da ke kewaye. A kanu da tambari kuwa kalma biyu ce ko uku tsaye su kaɗai, babu maƙwabcin da zai yi musu shaida. Wannan ya sa wurin da ƙugiya ta fi muhimmanci shi ne wurin da aka fi yar da ita.

Tun da can injuna suke ba mu wahala a kan wannan. Iyayenmu akawuna da suka yi aiki da tafireta sun san yadda ake gama buga takarda a bi ta da biro ana lanƙwasa kan b da d da k ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa aka zana zubin da zai ɗauki harsunan Nijeriya, har da hannun shahararren mai zanen haruffan nan na Jamus, Hermann Zapf. Sa'an nan a 1991 tsarin Yunikod ya fito, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, kuma namu na ciki. Watau yau kwamfuta ta san ƙ sarai. Abin da ba ta iyawa shi ne ta ƙaga masa siffa. Idan wanda ya zana zubin bai zana ƙ ba, sai ta aro daga wani zubi, kamar yadda ya faru da ɗalibata, ko kuma ta ajiye ɗan farin akwati a gurbinsa. Masu sana'ar suna kiran akwatin nan tofu, abincin waken suya wanda mu muke kira awara, saboda kamar da suka yi. Sunan zube-zuben Noto na kamfanin Google ma daga nan ya samo asali, ma'anarsa babu awara.

Haruffan karatu sun sami gyara ƙwarai. Noto na da ƙugiya, haka Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, kuma duk kyauta ne. Haruffan shela ne aka bari a baya, domin da yawansu mutum ɗaya ne ya zana su don kasuwar Turai da Amurka, bai taɓa jin ana cewa ɗ ba. Abin ban haushi kuwa shi ne mu ba baƙin rubutu mai kauri ba ne. Duk wanda ya ga rubutun hannu irin na mahardatan Kano, baƙi wuluk da alƙalamin kara, ya san haka, har ma SIL ta kwaikwaye shi ta fitar da zubin ajami mai suna Alkalami a 2017. Masu fentin allunan kanti da jikin manyan motoci su ma ba su taɓa rasa ƙugiya ba in sun so sa ta, tun da buroshi ba ya cewa ba shi da harafi.

Ko an sami zubin da ke da ƙugiya, aiki bai ƙare ba, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Harafi ba baƙin tawada kaɗai ba ne, har da farin da ke cikinsa da wanda ke kewaye da shi, kuma da farin nan ido ke gane shi. Duk lokacin da aka ƙara kauri, fari ne ke raguwa. Bugu da ƙari, yawancin zube-zube masu kauri suna da babban ciki da gajeren wuya. Ku dubi Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a 1965, za ku ga sandar b da ƙyar ta ɗara tumbinta tsawo. To, ƙugiyarmu a kan wannan gajeren wuya take zama. In wuri ya yi ƙaranci, mai zane marar haƙuri sai ya mayar da ita ɗan ƙullutu, wanda a fuskar kwamfuta ana ganinsa, amma daga tsallaken titi ƙ da k duk ɗaya ne. Manyan baƙaƙe kuma nasu ciwon dabam. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ ta hagu take leƙawa, saboda haka takan yi karo da harafin da ya gabace ta, kamar a KARƁA ko ƊANƊANO. Ta Ƙ kuwa a kan hannun dama take, tana gogayya da W da Y, kamar a ƘWAI da ƘYAURE.

Sai alhamza, wadda muke sawa a jama'a da sana'a da 'ya'ya. Ga Bature alamar rubutu ce kawai, ga mu kuwa baƙi ce cikakkiya. A zube-zuben raha akan ƙanƙanta ta ko a manne ta da maƙwabcinta har ta ɓace, MA'AIKATA ya koma MAAIKATA. Kuma in ta zo a farkon kalma, kamar a 'yan, kwamfuta kan juya ta ta koma kamar lamba 6, alhali kamar 9 ya kamata ta kasance.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa jin masu zanenmu na ambata ba. A Ingilishi harafin e ya fi kowane yawa, kuma kalmomin da masu sayar da zubi ke nuna samfuri da su na Ingilishi ne. Hausa kuwa harshen a ne. Ku ƙirga a cikin ƙararrawa, ko tattabara, ko makaranta. Idan mai zane ya yi wa a ɗinsa wata 'yar tsiya ta ban dariya, wutsiya ko karkata, Bature zai gan ta sau ɗaya a layi ya yi murmushi, mu kuwa sau takwas ko goma za mu gan ta a kanu guda. Don haka a wurinmu wasan ya fi kyau ya kasance a haruffan da ba su cika zuwa ba, a kuwa ta zama mai natsuwa.

Abin da nake ba ɗalibaina shawara ke nan: kada a dubi samfurin mai kaya, a buga kalmomin kai. Kafin a tsaya yaba kyau, a fara rubuta Ƙofa, Ɗaki, Ɓera, ƙyalƙyali, ɗanɗano, ɓaɓɓake, 'ya'ya, da ƙanana da manya. Zubin da ya fitar da awara ko baƙon harafi ya fāɗi, komai kyansa, a wuce shi. Wanda ya tsallake, a buga ainihin sunan kayan da shi a takarda, a manna a bango, a ja da baya taki goma a duba. A ƙanƙanta shi kuma ya koma girman hatimi, a yi masa hoto baƙi da fari, domin haka zai ƙare a rasit da kan wasiƙa. Sa'an nan a nuna wa wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, dattijon da ya yi yaƙi da jahilci ko ɗan aji uku, a ce ya karanta da ƙarfi. Hukuncinsa ya fi na mai digiri amfani, domin mai digiri cankar kalma yake yi, shi kuwa harafi-harafi yake bi. In an sami wanda ya ci, a tsaya a kansa shi kaɗai, a haɗa shi da zubin karatu mai sanyi domin sauran bayani. Yaji ne, ba a tuƙa tuwo da shi.

Idan kuwa rai ya kafe a kan zubin da ba shi da ƙugiya, akwai mafita. Yawancin waɗanda ke ma'ajiyar Google Fonts suna ƙarƙashin lasin da ake kira OFL, wanda ya yarda kowa ya ƙara musu haruffa, illa dai wani lokaci sai an sauya wa zubin suna. Harafi shida ne ko takwas, aikin da ƙwararren mai zane zai iya, kuma ina fata cikin ɗaliban da ke zaune a nan a sami masu koyonsa. Na kuɗi kuwa sai da izinin mai shi. Ku da kuke rubuta sharuɗɗan kwangilar ɗab'i a ma'aikatu, layi ɗaya ya isa: dole zubin ya ƙunshi ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, kuma ba za a buga ba sai wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya sa hannu a kan gwaji.

Ɗalibar tawa ba ta da kuɗin sake bugu. Abin da ta yi shi ne ta sayo jan alƙalami mai kaurin baki, ita da ƙannenta suka zauna dare uku suna bin takardun ɗaya bayan ɗaya suna lanƙwasa kan K, kamar yadda akawunan da suka yi da biro. Robar da ta kawo mini daga baya ga ta nan a kan tebur, wanda yake so ya zo ya duba bayan an tashi.

Shugaba, a nan zan dasa aya.